Maɓallin da Aka Ce Kusurwa Ya Sace

An kori Kusurwa daga aiki ranar Talata da hantsi, kuma a takardar sallamarsa an rubuta ƙarara cewa ya yi awon gaba da kayan kamfani. Kayan kuwa maɓalli ne, wannan ɗan koren wurin da mutum ke dannawa a fuskar wayarsa idan gas ɗin girki ya ƙare, mai rubutun "A Kawo". Abu ne da ba a riƙe shi a hannu, ba ya shiga aljihu, ko a kasuwar tsofaffin kaya ba mai taya shi. Shi aka ce bawan Allah ya sace. Aka buga hatimi, mutum biyu suka sa hannu, kowannensu da digiri rataye a bango. Yau wata huɗu takardar nan tana cikin jakarsa, kuma duk ofishin da ya shiga neman aiki, ita ake fara cewa ya miƙo.

Wanda bai san Kusurwa ba zai ce ƙila akwai wani abu a ƙasa. To, babu. Mutum ne siriri, ɗan shekara arba'in da ɗoriya, mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana gudun tada mai barci. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan, saboda ba a tambayarsa inda abu yake ya nuna da baki kamar kowa. Ka ce masa ina butar shayi, sai ya ce, "Daga kusurwar ƙofa, taku huɗu dama, taku biyu gaba." In ka taka kuwa, a kan butar za ka tsaya.

Bai tashi ya ga kwamfuta a gidansu ba. Bayan sakandare gyaran waya ya koya, ya yi shekara shida a wata 'yar rumfa da ko miƙe ƙafa ba a yi, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da caja. A nan wani ya bar masa tsohuwar kwamfutar cinya da ta faɗo daga kan babur, rabin fuskarta na ƙasa ya mutu, baƙi ƙirin. Da ita ya koyi haɗa manhajar waya. Masu lafiyayyar kwamfuta jan abu suke da hannu su ajiye inda ya yi musu kyau a ido, kamar mai jera kwanuka. Shi ba shi da wannan gatan, don duk abin da ya ja ƙasa sai ya nutse cikin duhu. Sai ya koyi ɗaya hanyar, ta rubuta wa waya umarni layi-layi. Ita waya daga kusurwar sama ta hagu take fara ƙirga fuskarta ɗigo-ɗigo, nan ne sifilinta. Sai ka ce mata: ƙirƙiri maɓalli, faɗinsa ɗigo kaza, tsayinsa ɗigo kaza, matsa dama kaza, sauko ƙasa kaza, ɗora shi nan. Ba ta musu, ba ta tambayar dalili. Shekara biyu Kusurwa yana jera abubuwa cikin duhun nan da lamba kawai, in ya tura aikin kan waya sai ya tarar da kowanne zaune daram inda ya ce. Tun daga nan ya fi yarda da lamba a kan ido.

Matarsa malamar firamare ce, Maman Biyu ake kiranta tun da ta haifi tagwaye. Ita cewa take ba miji ta aura ba, tef ɗin awo ta aura. Ranar da suka koma gidan da suke ciki, ta ce ya ɗan matsar da agogon bango can. Yana tsaye kan kujera da guduma a hannu ya ce, "Can nawa?" Ta ce, "Can dai, Baban Biyu, can!" Ya ce shi bai san can ba. Sai da ta ɗauko rular ɗalibanta ta auna masa, sannan ƙusa ta shiga. Har yau agogon bai karkace ba, ita ma ta sani, shi ya sa in tana masa tsiya dariya take ƙwace mata.

Shekara tara da suka wuce wani kamfanin kai gas gida-gida ya ɗauke shi. Aka ba shi tebur a bayan injin kwafi, inda zafi ke taruwa, bai taɓa cewa a canza masa ba. Yara suka zo bayansa, suka iya surutu a taro, suka hau sama, shi yana nan. Duk abin da ke fuskar manhajar kamfanin shi ya dasa: hoton tukunyar gas, akwatin rubuta adireshi, ɗan agogon da ke nuna yaushe mai babur zai iso, da shi koren maɓallin. Da yake wayoyin mutane ba tsayinsu ɗaya ba, wata doguwa wata gajera, bai taɓa ba maɓallin lamba daga sama ba. Ɗaure shi ya yi da gindin fuskar, ya ce masa: ka tsaya ɗigo ashirin da huɗu kafin ƙarshe, ko a wace waya ka tsinci kanka. Shekara tara, daga mai waya kamar sabulu har mai waya kamar faranti, ba wanda ya nemi maɓalli ya rasa.

Sai Oga ya yi sabuwar waya.

Oga shi ne babban manaja, gajere mai kauri, mai son kiran taro da buga ƙofa. Ya dawo daga wata tafiya da waya doguwa kamar katakon yanka albasa, aljihunsa ma ya ƙi karɓarta. A kamfanin akwai dokar da ba a rubuta ba: ba a sakin komai ga jama'a sai Oga ya danna da babban yatsansa ya ce ya yi. Ranar ya zo dannawa, yatsan ya ƙi kaiwa gindin doguwar wayar sai da ya lanƙwasa shi har gaɓar ta yi ƙara. Ya sa aka kira Kusurwa.

"Kai, zo nan. Wa ya kai maɓallin nan can ƙasa?"

"A nan yake tun da, Oga. Wayar ce ta ƙara tsawo."

"Wayata kake zagi?"

"A'a, Oga."

Oga ya riƙe wayar yadda yake riƙe ta in ya kishingiɗa a bayan mota, ya saki yatsa ya faɗi inda ya ga dama, ya ɗauki jan alƙalamin rubutu a allo ya zagaye wurin a kan gilashin. "Nan nake so. Auna." Kusurwa ya auna, ɗigo ɗari bakwai da tamanin daga sama. Ya ce ba damuwa, zai tsawaita ɗaurin daga ƙasa, maɓallin ya hau daidai wurin a wayar Oga, sauran wayoyi ma su samu.

"Daga ina ka ce?"

"Daga gindin fuskar, Oga."

"Maɓallin kamfanina ka ɗaure a gindi kamar akuya? Shekara tara? Kwance shi! Daga sama za a ƙirga. Kuma lamba ɗaya nake so a kowace waya, ba na son abu mai yawo. Mu nan da tsari muke aiki."

Kusurwa ya ciro 'yar ƙaramar wayar gwaji daga aljihu. "Oga, irin wannan fuskarta a ɗari shida da arba'in take ƙarewa, kuma ita ce a hannun yawancin masu girki. Ɗari bakwai da tamanin ba ya cikinta."

"Kawar min da kwalin ashanar nan daga tebur. Ka rubuta abin da na ce."

Ya rubuta. Laifinsa ke nan, in laifi ne: bai ce a ba shi umarnin a rubuce ba, bai ɗaga murya ba, bai buga tebur ba kamar yadda marasa aikin yi ke bugawa a riƙa ganin girmansu. Layi ɗaya ya goge ya sa wani. Oga ya danna, yatsa ya sauka luf a kan kore, ya ce, "Ka gani? Ku kun iya lamba, mu muna da kai." Aka saki manhaja.

Waya kuwa ba ruwanta. An ce ɗari bakwai da tamanin, ta kai shi ɗari bakwai da tamanin, ko da fuskarta ta ƙare tun a hanya. Kafin rana ta take, wayoyin ofis sun ɗauki kuka. Mutane sun cika adireshi, sun ga hoton tukunya, sun nemi wurin dannawa, wayam. Suka tura fuskar sama ta ƙi motsi, don ba a yi shafin nan ya riƙa zamewa ba. Wasu suka kashe suka kunna. Wata ta ce ta girgiza wayar ko ya maƙale ne a wani lungu. Wani dattijo ya ɓalle murfin baya ya leƙa. Oga ya ce matsalar sabis ce, ga nasa nan kore shar.

Kwana uku yana cewa sabis ne. A na huɗu surukarsa ta kira, uwar matarsa, gas ya ƙare mata da tukunya a kan wuta, ga baƙi a falo. Duk ofishin sun ji muryarta ta cikin doguwar wayar. Ba kuma damar ya ce ta sayi babbar waya, don shi ya saya mata wadda ke hannunta. A tsaye ya riƙa amsawa: "Eh Mama. To Mama. Wallahi Mama sai na gano wanda ya yi wannan." Yana ajiyewa ya ce a kafa kwamiti.

Kwamitin mutum uku ne: Oga, Mai Fayil, da mai gadi. Mai Fayil ita ce shugabar sashen ma'aikata, mace mai gilashi a kan karan hanci da kabad cike da fom. Fom ɗin hukunci iri uku gare ta a duniya: na makara, na faɗa, da na ɓatan kayan kamfani. Kusurwa bai taɓa makara ba, ko ƙuda bai taɓa ɗaga wa hannu ba. Saura ɗaya. Ta ciro shi.

Mai gadi tsoho ne, tare suke shan shayi da Kusurwa kowace safiya a bakin get. Shi aka ce ya caje jakar Kusurwa. Ya zuge zif yana ba da haƙuri.

"Malam, ka yafe ni, aiki ne. Wane launi ne abin?"

"Kore, Baba."

"Girmansa fa?"

"Faɗi ɗari uku da ashirin, tsayi arba'in da takwas."

Tsoho ya dubi jakar ya ce ai ba zai ma shiga ba. Duk da haka ya zazzage: kwanon abinci, caja, rula, katin asibitin tagwaye. A can ƙasa ya tsinci koren murfin kwalbar lemo. Mai Fayil ta ce a sa shi a ambulan a rubuta "shaida ta ɗaya". Sannan ta gyara gilashi.

"Malam, maɓallin nan kai ka ƙirƙire shi?"

"Ni ne, Madam."

"Yanzu yana cikin wayoyin mutane?"

"Yana wajen fuskar."

"Wato ya fita."

"Ya fita daga inda ake gani, amma yana nan."

"Wa ya fitar da shi?"

"Ni na rubuta lambar, amma Oga ne..."

"Tsaya in rubuta. Ya amsa da bakinsa shi ya fitar."

Kusurwa ya juya wajen Oga, wanda ke goge wayarsa da hankici. "Oga, ai kai ka zana da jan alƙalami."

"Ni cewa na yi ka sa shi inda yatsana yake. Na ce ka cire shi daga wayar surukata? Ni dai nawa yana nan."

Mai Fayil ta ce tunda Kusurwa ya nace maɓallin yana nan, to ya nuna. Da wani ne, da ya gane rami ake haƙa masa. Kusurwa tambaya kawai ya ji, kuma yana da amsarta. Ya kwantar da 'yar ƙaramar wayar a kan teburinta, ya ɗauki rularsa, ya cire ɗari shida da arba'in daga ɗari bakwai da tamanin, ya auna abin da ya rage daga ƙarshen fuskar har kan katakon tebur.

"Madam, ɗan ɗaga kofinki, yana kansa."

Ta ɗaga kofin da sauri har shayi ya fantsala. Ya dasa yatsa a kan katako. "Ga shi nan."

Mai gadi ya sunkuya har hularsa ta faɗi. Ya shafa wurin, ya danna, ya kasa kunne ko za a kawo gas. Mai Fayil ta rubuta "raina kwamiti" a gefen takarda. Sannan ta aika a tambayo mutum nawa ne ke da ƙananan wayoyi, aka ce dubu goma sha ɗaya. Ta cika gurbin adadin kaya: maɓalli dubu goma sha ɗaya.

"Ɗaya ne fa, Madam. Layi ɗaya ne."

"To ɗayan ma ka kawo?"

Ya roƙi a ba shi minti biyar da kwamfutarsa ya mayar wa kowa abinsa kafin shayinta ya huce. Ta ce kwamfutar ta zama shaida ta biyu. An riga an naɗe ta da salatif an kai sito, tana can tsakanin fankon tukwanen gas.

Maman Biyu ta dawo daga makaranta da yamma, alli duk a hannun rigarta, ta tarar da shi zaune a falo da takarda a cinya. Ta karanta sau biyu, a tsaye, jaka na rataye a kafaɗa.

"Dubu goma sha ɗaya? Baban Biyu, ina ka zuba su? In ƙarƙashin gado ne ka faɗa min in share."

"Ba abin wasa ba ne."

"Wa ya ce maka wasa nake? Wai kai ba ka da baki ne? Me ka ce musu?"

"Na nuna musu inda yake."

"Ka nuna musu! An ce ka saci abu, kai kuma ka ɗauki rula ka kai su wurin!" Ta zauna ta dafe kai. "Mutumin da ko biron ofis ya biyo shi gida sai ya mayar da sassafe. Yau shi ne ɓarawo."

Ya ce, "Ai lissafin daidai ne." Ta jefe shi da matashin kujera, ta tashi ta zubo masa abinci, tana tsaki tun daga falo har kicin.

Kamfani ya ɗauko ƙwararre daga waje, mai kwat da taye. Ya yi kwana uku yana shan shayin kamfani yana gyaɗa kai. Ranar ƙarshe ya warware salatif, ya goge layin ɗari bakwai da tamanin, ya ɗaure maɓallin da gindin fuska, ɗigo ashirin da huɗu. Bai ma wahalar da kansa ba, tsohon layin Kusurwa yana nan a ajiye cikin tsohuwar manhajar, kwafa kawai ya yi. Kore ya bayyana a kowace waya. Oga yanzu da hannu biyu yake dannawa, ba ƙorafi, tunda mai taye ne ya ɗaure.

Mai hankali zai ce shi ke nan, gaskiya ta fito, a kira bawan Allah a ba shi haƙuri. Ina! Sanarwa aka liƙa a ƙofar ofis, wai hukumar kamfani ta yi nasarar ƙwato maɓalli dubu goma sha ɗaya cif, ba ko ɗaya da ya salwanta. Mai Fayil ta ƙara shafi a fayil ɗinsa: wanda ake zargi ya tsorata da matakin da aka ɗauka, kaya sun dawo. A taron Litinin aka yi wa Oga tafi.

Kusurwa ya goge rigarsa ya shiga gari. Wuri na farko suna ganin takardar suka ce za a neme shi. A na biyu sakatariya ta jawo jakarta kusa da ita. Na ukun ya fi ciwo, don wanda ya yi masa tambayoyi ɗan sana'a ne, ya gane labarin tun kafin a kai ƙarshe, ya yi dariya har da hawaye, ya kira abokan aikinsa aka sake ba su labarin daga farko. Ya ba Kusurwa gwaji, shi kuwa ya jera masa fuska guda cikin minti ashirin, ba ko ɗigo a karkace. Mutumin ya share ido ya ce, "Wallahi Malam, irinka nake nema. Amma mu ma muna da sashen ma'aikata, kuma ba sa ɗaukar mai sata a takarda. Ka je su gyara maka. Zan riƙe maka kujerar har ƙarshen wata."

Maman Biyu ta nemi izini a makaranta ta tafi kamfanin da kanta. Mai gadi ya buɗe mata get kansa a ƙasa, ya ce tun ranar shayi bai sake yi masa daɗi ba. Mai Fayil ta tarbe ta da murmushi, ta buɗe kabad, ta duba sama ta duba ƙasa, ta ce gaskiya ba su da fom ɗin janye takarda.

"To ki ɗauki farar takarda ki rubuta mana."

"Ba a yin haka, 'yar'uwa. Sai dai in zai amsa laifi ya nemi afuwa, wannan akwai fom ɗinsa."

"Ya amsa ya saci me?"

"Abin da aka rubuta."

"Ke don Allah, kin taɓa ganin abin nan a hannun ɗan Adam?"

"Ni gani ba aikina ba ne. Aikina cikewa."

"Ogan fa?"

"Yana taro."

Ƙofar Oga ba ta rufu sosai ba. Maman Biyu tana hango shi, shi kaɗai, ƙafa kan tebur, yana kallon ƙwallo a doguwar wayar.

Ta kawo wa mijinta fom ɗin afuwar gida, ta ajiye masa a gabansa, don ita ma ta san kujerar can ba za ta jira har abada ba, ga tagwaye suna girma. Ya karanta har layin ƙarshe, ya ninke shi, ya miƙa mata. Ya ce ba zai sa hannu ba ko da kujerar za ta tafi. Bai ɗauki komai ba. Abin da aka ce ya sa, a inda aka ce ya sa, nan ya sa. Tun da take da shi ba ta taɓa jin ya ce a'a da ƙarfi haka ba, har maƙwabciya ta leƙo ta taga tana tambayar ko lafiya.

Saura kwana tara wata ya ƙare.

Saboda haka Oga, kai da Mai Fayil, da ku ake. Ba a ce ku mayar da shi aiki ba, ba ya so, ku riƙe teburinku da zafinsa. Takardar nan za ku karɓa ku yaga a gabansa, ku rubuta wata, tunda hannunku bai yi ciwo ba ranar da za ku ɓata masa suna. Ku ce ya yi muku aiki shekara tara, bai ɗauki ko tsinke ba, kuma babu abin da ya taɓa ɓata a kamfanin nan. Ku biyun da kuka sa hannu a waccan, ku za ku sa a wannan, da hatimin da kuka buga. Kai kuma Oga, ka fito daga taron nan naka, ka ɗauki takardar da hannunka ka kai masa gida kafin Alhamis, ka tsaya a bakin ƙofa ka faɗa da bakinka, matarsa tana ji, wane ne ya ba da lambar.